Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Rayuwarsa da wasiƙun da ya bari a baya

A farkon watan Mayun 1824, wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton ya fita daga Sakkwato ya kama hanyar gida ta Kano da Borno da Sahara. A cikin kayansa akwai wata gajeriyar takarda da aka rubuta da Larabci, daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. A 1826 aka buga fassararta a Landan, a ƙarshen littafin da Clapperton da abokin tafiyarsa Dixon Denham suka wallafa. Ita ce wasiƙar Bello da Turawa suka fi sani, amma ɗaya ce kawai daga cikin takardun da ya aika Borno da Agadas da Masina da Tambutu da Bauci da Adamawa a cikin shekaru sama da talatin.

A Turai akwai masu kuɗin da ba su da abin sha'awa sai tara wasiƙun da sarakuna da 'ya'yan sarakuna suka rubuta da hannunsu, kuma gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's na sayar da su. A ƙasar Hausa an daɗe ana adana irin waɗannan takardu, sai dai a gafaka da akwatunan gidajen malamai da na sarauta. Wanda duk ya bi sawun takardun Bello zai ga rayuwarsa kusan daga farko har ƙarshe.

An haife shi a 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi. Yana da shekara kusan 23 aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, kuma yana cikin waɗanda suka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar.

Tun daga nan takarda ta shiga aikinsa. Bayan nasarar Kwatto, jama'ar Shehu sun rubuta wa sarakunan Hausa suna bayyana dalilinsu na yaƙi da Gobir. Sarkin Zazzau Jatau ya karɓa, Kano ba ta amsa kira ba, Sarkin Katsina kuwa, kamar yadda ruwayar Sakkwato ta nuna, yaga takardar ya yi. Wajen 1805 zuwa 1806 aka tura Bello Birnin Gada, inda ya sadu da jagororin jama'a na gabas, ya karanta musu saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a watan Oktoban 1808, inda Yunfa ya mutu, kuma a 1809 ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba ragamar mulki a 1812, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas.

Muhawarar da ta fi kowace zafi

Yaƙin bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A 1808 magoya bayan jihadi suka shiga Birnin Ngazargamu, hedikwatar Borno, daular da ta yi ɗaruruwan shekaru a cikin Musulunci. Mai na Borno ya nemi taimakon wani malami mai suna Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu. Malamin ya ɗauki makami, ya kuma ɗauki alƙalami.

Tambayar da al-Kanemi ya aika Sakkwato mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar amsawa. Ya nemi a gaya masa hujjar yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai. Ya amince cewa akwai cin hanci da zalunci da cin dukiyar marayu da mata marasa lulluɓi a Borno, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma ana samun irinsu a Masar da Sham ba tare da wani malami ya halatta jinin mutanensu ba. Har ya nuna cewa ya karanta littattafan Shehu, ya ga abin da mabiyansa ke yi ya saɓa wa abin da ke cikinsu.

Bello ne ya ɗauki mafi yawan nauyin amsawa. Ya kafa hujjarsa a kan abu biyu. Na farko, ya ce labari ya tabbata a wurinsu cewa ana yanka ga duwatsu da itatuwa da ruwa a Borno. Na biyu, wanda ya fi jaddadawa, shi ne cewa Mai na Borno ya taimaka wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, wanda kuwa ya goyi bayan abokan gaba a kan Musulmi hukuncinsa ya zama nasu. An yi shekaru ana kai da kawo, babu wanda ya sauka daga kan bakansa.

Abin da ya sa wannan muhawara ta rayu har yau shi ne abin da Bello ya yi da ita. A littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya kwafe wasiƙun al-Kanemi tare da amsoshinsa. Marubuci mai neman wanke kansa kawai zai iya taƙaita maganar abokin hamayya yadda ya ga dama. Bello ya bar mutumin ya yi magana da bakinsa, shi ya sa masana tarihi da dama da suka karanta shafukan suke ganin al-Kanemi ya fi ƙarfin hujja a wasu wurare. Da bai adana takardun ba, da wuya wannan hukunci ya samu abin tsayawa a kai. E.J. Arnett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1922, C.E.J. Whitting kuma ya buga Larabcinsa a Landan a 1951.

A cikin littafin akwai ɓangaren da ya shafi arewa. Ƙasar Abzin, wadda matasan yau suka fi sani da yuraniyom ɗin Arlit da kwal ɗin Anu Araren, tana da tsohuwar alaƙa da gidan Shehu, domin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya zauna a Agadas. Sarkin Agadas Muhammadu al-Baƙiri ya goyi bayan jihadi, har ya zo wurin Shehu da kansa. Ta hannunsa labari ya kai Maroko, Sarki Maulay Sulaiman ya aiko da wasiƙu biyu a 1810, ɗaya ga al-Baƙiri, ɗaya ga Shehu. Su ma Bello ya kwafe su.

Sarautar da ta fara da tawaye

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ya taso domin a yi shawara, ya tarar an rufe ƙofar gari. Tsakanin baffa da ɗa ya yi sanyi na wasu shekaru, sai wajen 1821 da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka daidaita.

Babbar jarrabawar farko ta fito ne daga cikin gida. Malam Abdussalami, Ba'are ne, tsohon almajirin Shehu, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na daga cikin abubuwan da suka haddasa hijira. Bayan an ci nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Daga Kware, kusa da Sakkwato, ya riƙa rubuta wa Bello yana zargin sababbin masu mulki da zalunci da cin dukiyar jama'a, har ya zana taswira a cikin wata wasiƙa yana nuna yadda aka raba ƙasa da ɗan abin da ya samu. Bello ya amsa masa da nassi da lallashi da gargaɗi. Da magana ta ƙi, aka kewaye Kware, garin ya faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya tsere da rauni ya mutu a Bakura. Bello ya tattara abin da ya gudana tsakaninsu a littafin Sardul Kalam. Littafi ne na wanda ya yi nasara, ba shakka, amma a cikinsa ne ake jin koken wanda aka kayar.

Daular da Bello ya gada ta yi faɗin da sai an yi watanni ana tafiya kafin a ratsa ta, ga shi babu rundunar dindindin da za ta tilasta wa Kano ko Bauci ko Adamawa biyayya. Abin da ya riƙe ta shi ne mubaya'a da manzanni da takardu. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, amininsa kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u, shi ne ke kula da wannan aiki, yana kuma zagaya masarautun gabas da kansa. Wasu littattafan Bello ma amsoshin wasiƙu ne da suka yi tsawo. Ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya ɗora wa mai mulki nauyin samar wa manoma da masu sana'a abin da za su rayu da shi da gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya amsa tambayoyin Sarkin Bauci Yakubu a rubuce. Ya rubuta wa jagoran Abzinawa Muhammadu al-Jailani yana ba shi shawarar ya zaunar da makiyaya a garuruwa domin a samu masallaci da makaranta da shari'a. Ya umarci Modibbo Adama ya tura masu leƙen labari wajen Wadai da Darfur saboda maganar bayyanar Mahadi. Ya yi musayar takardu da Shehu Ahmadu na Masina da malaman Kunta na yankin Tambutu. A tsakanin wannan duka yana rubuta ƙananan littattafai kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Littattafan da ake jingina masa sun haura ɗari.

Baƙo daga Ingila da wasiƙar da aka ƙwace

Clapperton ya iso Sakkwato ranar 16 ga Maris 1824. Ya kwatanta Bello da mutum mai cikar jiki da gajeren gemu baƙi da manyan idanu, sanye da shuɗiyar riga da farin rawani. Abin da ya ba shi mamaki shi ne tambayoyin sarkin. Bello ya tambaye shi game da tsofaffin ɗariƙun Kirista da shi Baturen bai san kansu sosai ba, ya san sunayen taurari da Larabci, ya kuma san abin da Ingila ta yi a Indiya.

Wasiƙar da ya ba shi ta ƙunshi ciniki ne. Bello ya amince a hana fatake kai bayi bakin teku wajen Dahomey da Ashanti. Shi kuma yana son jirgin Ingila ya zo wata tasha da ake kira Raka da igwa biyu da bindigogi da albarushi, a kuma ajiye wakilin Ingila a can. Turawa sun yi murna suna ganin sun samu sarkin da zai taya su yaƙi da cinikin bayi. Sai dai ya kamata a karanta takardar yadda take. Abin da ya dami Sakkwato shi ne sayar da Musulmi 'yantattu ga Kiristoci. Bauta a cikin daular ba ta tsaya ba, gonaki da garuruwan ribaɗi na zamanin Bello da guminsu aka gina su, kuma yaƙe-yaƙensa sun ƙara yawansu.

Yarjejeniyar ba ta je ko'ina ba. Raka ba ta bakin teku, kuma da Clapperton ya dawo ta Badagry a ƙarshen 1825 bai tarar da manzon kowa ba. Ya isa wurin Bello a watan Oktoban 1826 bayan abokan tafiyarsa sun mutu a hanya. Ya kawo kyaututtuka, har da littafin lissafi na Euclid da Larabci, wanda Bello ya yi farin ciki da shi domin gobara ta cinye kwafin gidansu. Amma a cikin kayan akwai wasiƙa da makamai na al-Kanemi, a daidai lokacin da al-Kanemi ya ɗauro yaƙi ya nufo Kano. Bello ya nemi a ba shi takardar. Clapperton ya ƙi, yana ganin cin amana ne. Aka karɓe ta tare da kayan. Ga Baturen wannan wulaƙanci ne ga sarkinsa, ga Sakkwato kuwa babu mai hankalin da zai bar baƙo ya wuce da bindiga zuwa sansanin maƙiyi. Yakubun Bauci ya tare rundunar Borno a farkon 1827. Clapperton bai bar Sakkwato ba, zazzaɓi da ciwon ciki suka kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye da ke wajen gari.

Shekaru goman ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina a arewa maso gabashin Sakkwato domin tsare iyaka. A lokacin ne Alhaji Umaru Futi ya sauka a wurinsa kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya yi shekaru, ya auri 'yarsa. A 1836 Bello ya fuskanci haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawan Ibra a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka mutu. Ya rasu a Wurno a ƙarshen watan Oktoban 1837 yana da shekara kusan 56, bayan shekara 20 a kan mulki, kuma a can kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Bisa lissafin mafi yawan masana, a wannan shekarar ce al-Kanemi ma ya rasu a Kukawa. Giɗaɗo ya rubuta tarihin amininsa a littafin Alkashfu wal Bayan, Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiyya.

Ina takardun suke yanzu?

Tsarin rubuta wasiƙa da aka kafa a zamanin Bello da Giɗaɗo ya ɗore har zuwan Turawa, kuma takarda ce aka kafa hujja da ita wajen rushe daular. Frederick Lugard ya ce a 1902 ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke nuna babu komai tsakaninsu sai yaƙi, ya riƙe ta a matsayin shelar yaƙi. Daga baya masu bincike irin su D.J.M. Muffett sun yi shakkar sahihancinta da yadda aka fassara ta. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. Turawa sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, jikan Giɗaɗo, kuma H.F. Backwell ya buga fassarar wasunsu a Legas a 1927.

Sauran sun tsira ne saboda gidan Waziri ya riƙe su. Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya tattara littattafai da wasiƙun kakanninsa, ya buɗe su ga masu bincike. A kansu Murray Last ya dogara sosai wajen rubuta littafinsa kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967. Yau hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunan Waziri Junaidu take ɗauke da shi. Akwai wasu takardun a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970, da ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, da sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya samo asali daga tarin Boubou Hama. 'Yan ƙasa mazauna Faransa kuwa ba sa buƙatar tikitin jirgi: ɗakin karatun gidan Alhaji Umaru da Kanar Louis Archinard ya kwashe daga Segu a 1890 yana babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, kuma akwai rubuce-rubucen malaman Sakkwato a ciki, har da na Bello.

Wanda ya ji ana tallar wasiƙar Bello da rubutun hannunsa ya kamata ya yi hattara. Yawancin wasiƙun asali da suka rage na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Na zamanin Bello mafi yawansu kwafi ne da almajirai suka riƙa juyawa a cikin littattafai, domin gara da damina da gobara ba sa barin warwarar takarda ta yi shekara ɗari biyu cikin sauƙi. Ko a wasiƙar asali ma, galibi magatakarda ne ke rubutawa, shaidar sarki ita ce hatiminsa da ake bugawa a saman takarda. A.D.H. Bivar ya yi nazarin waɗannan hatimai a wata maƙala ta 1959. Masana kan ɗaga takardar a gaban haske su duba tambarin masana'anta da ke ɓoye a jikinta, domin yawancinta daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, sau da yawa da alamar jinjirin wata uku. Suna duba tawada da salon rubutu da yadda aka jera gaisuwa da laƙabobi.

Matsala mafi girma ita ce yawancin wasiƙun Sakkwato ba su da kwanan wata. Ana gane lokacinsu ne ta sunan da ke kan hatimi, da sunan wanda aka aika wa, da sauran takardun da aka same su a ɗaure tare. Idan magada suka raba gafakar kakansu, ko dillali ya zare takarda ɗaya ya sayar wa mai tarawa a waje, wadda aka zare ta rasa shekararta, waɗanda suka rage kuma sun rasa amsar da ke bayyana su. Har yanzu akwai irin waɗannan ɗaurin takardu a gidajen malamai da alƙalai da masu sarauta daga Sakkwato da Gwandu har Zariya da Agadas, wasu an manna musu salatif, wasu an kai su shago an lulluɓe su da roba mai zafi, abin da masu adana takardu ke hanawa domin ba ya ɓaruwa sai da tawadar. Abin da suke ba da shawara shi ne a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a yadda aka same ta a jere, a rubuta gidan da ta fito, sannan a mayar da ita cikin 'yan'uwanta a wuri busasshe.